Washa Ta Biyu

A layin masu gyara, tsakanin mai faci da mai walda, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allon suna, kuma ba ta taɓa buƙatarsa ba. Duk wanda ka tambaya a bakin titi ina ne wurin Baba Kunne, zai nuna maka da haɓa ba tare da ya bar abin da yake yi ba.

Sunan daga aikinsa ya samo shi. In aka turo masa babur ba ya fara kai hannu. Sai ya ce a tayar, ya juya wa babur ɗin baya, ya runtse ido, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. Minti guda ya ishe shi. "Bawul ne," zai ce. Ko kuma, "Kashe shi, kashe shi, sarkar ciki ta saki, yanzu za ta ci maka inji." Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai shi wurin kawunsa mai gyaran keke, daga keke ya koma babur, yau shekara arba'in da bakwai ke nan bai san wata sana'a ba. Yatsunsa sun yi kanta, layukan tafin hannunsa sun yi irin baƙin da sabulu ya daɗe da sallamawa. Abu biyu ya gada daga kawun nan, ciwon baya da farin ƙyalle. Kafin ya kwance komai sai ya shimfiɗa ƙyallen a ƙasa, duk abin da ya cire ya jera shi daga hagu zuwa dama, in zai mayar ya faro daga dama. Babu abin da zai saura a kan ƙyallen, babu kuma abin da zai shiga jikin babur wanda ba daga jikinsa ya fito ba. Sauran makanikai na yi masa dariya, wai yana yi wa noti shimfiɗa kamar baƙon da ya zo kwana. Amma su ne ke zuwa aro wurinsa in nasu ya nutse a yashi.

'Ya'yansa huɗu. Mazan uku babu wanda warin man inji ya yi wa daɗi, kowa ya kama gabansa. Autar ce, mace, ta maƙale masa. Tun tana firamare in an tashi ba ta wucewa gida, sai ta zo ta zauna a kan tsohuwar taya da kayan makarantarta, tana miƙo masa sifana tun bai faɗi lambar ba. Uwarta ta yi faɗan har ta gaji ta koma ɗinka mata rigar aiki.

Tana da shekara ashirin ta gama makarantar koyon aikin lantarki, ta dawo rumfar da wata 'yar mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Wata rana aka kawo babur mai mutuwa da zarar ya yi zafi. Baba Kunne ya saurara, ya ce kafireta ce. Ya kwance, ya wanke, ya mayar. Babur ya yi zagaye biyu ya mutu. Ya sake kwancewa, ya sake mutuwa. Auta ta tsuguna, ta ɗora wayoyinta, ta kalli mitar, sannan ta ɗago.

"Baba, koyil ne."

Koyil ɗin ne kuwa, ɗan abin da ke ba inji wuta. Mai babur ɗin, wani mai faɗin baki, ya tafa hannu. "Baba Kunne, ashe a cikin gidanka ma an fi ka!" Layin ya ɗauka da dariya, har da mai faci, abokinsa na shekara talatin.

Bai yi tsawa ba. Da ma tsawar ya yi, da kafin magariba ta wuce. A hankali ya faɗa, yana goge sifana bai ko kalle ta ba.

"Tattara kayan wasanki ki je ki taya uwarki aiki. Nan wurin maza ne."

Ta naɗe wayoyin a jikin mitar, ta cire rigar aikin ta ninke ta ajiye a kan benci, ta tafi. Bayan wata biyar ta samu aiki a wani gari mai nisan yini guda a mota, a wani babban gareji da ke duba sababbin babura. A can ta yi aure, a can ta haihu. Shekara tara.

Duk wanda ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: budurwa ce, rumfa kuwa matattarar idanun maza ce, kare ta ya yi. Ya maimaita wannan magana har ya kusa gaskata ta. Amma in ya zauna shi kaɗai ya san abin da ya faru. Ranar nan ya kasa kunne da duk abin da Allah ya ba shi, bai ji komai ba, ita kuma ta ga bai ji ba. Dariyar mutane ba ta ci shi ba kamar kallon da ta yi masa kafin ta buɗe baki, kallon mai tunanin yadda za ta faɗa ba tare da ta ji masa ciwo ba. Tausayin nan ne ya kasa yafe mata.

Ba gaba suke yi ba, kada a fahimta a karkace. In ta zo ganin gida tana durƙusawa ta gaishe shi, ta kawo masa maganin shafawa na baya. Rumfar ce dai ba ta sake takawa ba. Duk ranar hutu bayan la'asar takan kira uwarta, su yi awa guda suna hira da ƙyaƙyata dariya, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da sukudireba.

"Ga babanki nan," uwar za ta ce, "yana ta gyaran ƙofar da ba ta lalace ba."

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya bayan naka?"

"Da sauƙi. Ya maigidan naki da yaron?"

"Suna lafiya."

"To madalla. Ga uwarki."

Sai ya koma ya ɗaure notin da ya kwance.

A farkon daminar bana aka kawo masa babur ɗin Likita. Malamin jinya ne a wani ƙaramin asibiti bayan gari, ya gaji da gaya wa mutane shi ba likita ba ne ya bar musu. Babur ɗinsa babba ne, irin na zamani, injinsa na kaɗawa sumul kamar kyanwa mai barci. Baba Kunne ya juya baya ya saurara, ya saurara.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

"Ba inji ba ne, Baba. Ka ga wannan?" Likita ya nuna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a jikin agogon gudu. "Da, in na kunna takan kama, ina fara tafiya ta mutu. Yanzu ta ƙi mutuwa. Ta birki ce."

Baba Kunne ya matsa birkin gaba, ya taka na baya. Suna kamawa. Ya ce a bar masa shi. Ya yini yana zagaya babur ɗin kamar mai neman ƙofar gidan da ba shi da ƙofa. Cuta ce marar kuka, ina kunne zai kama?

Mai faci ya leƙo yana goge hannu a wando. "Tsoho, tun safe kake yi masa kallon sirikin da ba a so. Ka kira 'yarka Injiniya mana."

"Tana wurin aiki."

"To kai a wurin biki kake? Kawo wayar."

Kafin ya hana shi, mai faci ya danna kiran bidiyo ya cusa masa wayar a hannu. Fuskarta ta fito, da gilashin aiki a ɗage a goshi, idonta cike da tsoro.

"Baba? Lafiya? Mama ce?"

"Lafiya lau. Wani babur ne." Ya yi gyaran murya. "Fitilar birki ce ta ƙi mutuwa."

Sai ya ga kafaɗunta sun sauka, ta jawo kujera da ƙafa ta zauna.

"Nuna min tayar gaba. A'a, Baba, hancinka nake gani. Juya wayar. Yawwa. Ka ga wani zobe mai ramuka a jikin farantin birki? To duba kusa da shi, akwai wani ɗan baƙin abu kamar ɗan yatsa, noti ɗaya ke riƙe da shi. Shi ne sensa. Duk ramin da ya gifta sai ya ƙirga, ya gaya wa ƙwaƙwalwar babur ɗin gudun tayar. In mutum ya damƙe birki a kan santsi, taya ta so ƙamewa, ita ke sassauta ta kafin a kai ƙasa. In sensa ya daina magana, sai ta cire hannunta ta kunna maka fitila."

"Wato ɗan rahoto ne."

Ta yi dariya. Dariyar da yake ji ta bayan ƙofa, yau ga ta a tafin hannunsa.

Ta sa shi ya goge zoben, ya share garin ƙarfen da ya taru a bakin sensa. Ta sa ya bi wayar wutar da yatsa tun daga taya har wuyan babur. A nan, daidai inda kan babur ke juyawa, ya ji ta yi laushi a ƙarƙashin robarta.

"Ta karye a ciki," ya ce.

"Da yatsa ka gane? Ni sai na sa mita." Ta girgiza kai. "Hannun nan naka, Baba."

Da aka kashe, ya duba fuskar wayar. Minti arba'in da ɗaya. Ya zauna a kan benci ya rasa abin da zai yi da hannuwansa.

Washegari Likita ya kawo sabon sensa a leda ya wuce aiki a motar haya. Baba Kunne ya san yadda zai sa shi, ko makaho zai iya: noti ɗaya, soket ɗaya, maƙalai huɗu. Duk da haka ya kira. Ya shimfiɗa ƙyallen, mai faci ya riƙe waya yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Auta ta ce a cire kan batir tukuna. Ya kwance notin da sifana lamba takwas, ya murɗa tsohon sensa ya fito da ƙyar, ya goge ramin tas, ya bi tsohuwar hanya da sabuwar waya, ya bar mata ɗan sassauci a wuya yadda ko an juya kai har ƙarshe ba za ta ja ba.

"Saura abu ɗaya, shi ne mai muhimmancin," ta ce. "Washa ɗaya ce a ƙarƙashinsa, ka mayar da ita ita kaɗai. Tsakanin bakinsa da zoben kada ya wuce kaurin kati. In ya yi nisa zai riƙa gani yana ɓacewa, musamman a gargada, fitilar ta dawo."

Ya ɗaure, ya hau, ya yi zagaye. Bai kai wurin mai walda ba fitilar ta mutu. Ya dawo ya nuna mata, ta tafa masa kamar yadda ake yi wa yaro ya ci jarrabawa, shi ma bai ji haushi ba.

"Shi ke nan, Baba, an gama. Sai ranar hutu."

An gama. Ya naɗe ƙyallen. Hadari na haɗuwa a gabas, mai faci ya koma yana kwashe tayoyinsa, layin ya yi shiru. Baba Kunne ya zauna yana kallon babur ɗin, lafiyayye, ba shi da sauran abin da za a tambaya a kansa. Ranar hutu kuma ya san abin da ke jiransa: ƙofa, sukudireba, ya bayan naka.

Akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin benci da yake tara tsofaffin washa, 'yan faya-fayan ƙarfen nan masu rami da ake sawa a ƙarƙashin noti. Ya jawo shi kamar mai neman wani abu daban. Ya zaɓi wata siririya, ba ta kai kaurin farce ba. Ya kwance notin, ya ɗora ta a kan ta farko, ya ɗaure. Bai shimfiɗa ƙyalle ba. Ya hau ya gwada a kan kwalta mai kyau, fitilar ta mutu yadda ya kamata.

Zuciya ba ta rasa lauya. Ai birkin na kamawa, ya gaya wa kansa. Shi da ya yi shekara arba'in yana hawan babur ba tare da wani ɗan rahoto ba, ga shi nan da ƙafafunsa biyu. Sau ɗaya ne kawai, in Likita ya dawo da shi sai a cire.

Kwana biyu Likita ya dawo. "Baba, ta sake kamawa. Ina hawa hanyar asibiti, in na shiga gargadar nan sai ta kunno."

"Kai, waɗannan kayan zamani," Baba Kunne ya ce, yana laluben waya a aljihu tun mutumin bai rufe baki ba.

Wannan karon shi ya riƙe wayar da kansa, ya san inda zai nuna da inda ba zai nuna ba. Auta ta damu. Ta sa ya buɗe soket ya hura, ya duba ko zoben ya lanƙwashe, ya duba fis. Ta tambaye shi tazarar, ya ce daidai take, idonsa a kan taya. Ranar a gida take, yaron ya hau cinyarta ya cika fuskar wayar da goshinsa, ya ce, "Kaka, ina gashin kanka ya tafi?" Ta ba shi labarin wani babur da ya wahalar da su sati guda ashe ɓera ne ya ci waya. Ta tambaye shi ko har yanzu yana da sifanar nan mai lanƙwasasshen wuya. Yana da ita. Ya nuna mata. An kashe babur an kunna an yi zagaye, fitila ta mutu, aka ɗora laifin a kan soket.

Washar tana nan inda take. Ya yi niyyar cirewa, Allah ya sani ya yi niyya. Amma Likita yana tsaye yana duba agogo, ga shi kuma bai tambaye ta yaushe yaron zai shiga makaranta ba.

Bayan kwana huɗu aka kwana ana ruwa. Da hantsi Likita ya shigo layin a hankali, madubin hagu ya fashe, wandonsa ya yage a gwiwa, farin bandeji na leƙowa ta yagar.

"Kare ne ya gifta min a gangaren nan," ya ce yana murmushin yaƙe. "Na damƙe birki, tayar gaba ta ƙame, sai ga ni ina jan ƙasa. Fitilar a kunne take tun daga gida. Allah ya taƙaita, motar da ke bayana ta kauce. Ni na ɗaure wa kaina ciwon, ka ga amfanin likitan bogi."

Tsoro ya kama Baba Kunne. Ya kalli bandejin, ya kalli fasasshen madubin. A ƙarƙashin tsoron kuma, can ƙasa inda ba ya son leƙawa, ya ji wani abu ya ɗan motsa da murna: yau dole ta daɗe a waya. Ya ji shi sarai. Da ana iya tofar da zuciya, da ya tofar a wurin.

Mai faci ne ya kira ta, shi ya ba ta labarin faɗuwar. Fuskarta ta canja.

"Kawu, riƙe wayar da kyau, kada ka motsa. Baba, shimfiɗa ƙyalle. Cire min sensa ɗin gaba ɗaya, ina kallo."

Ya shimfiɗa. Ya sa sifana. Yatsun da ke gane karyayyar waya ta cikin roba ba za su kasa ɓoye 'yar washa a tsakaninsu ba, ko mai faci da ke tsaye a kansa ba zai gani ba. Ya san haka. Amma ko sabon shekara arba'in ne ya rinjayi hannun, ko kuwa ya gaji ne yana son a kama shi, shi kansa bai iya rarrabewa ba har yau. Ya jera su daga hagu zuwa dama. Noti. Sensa. Washa. Washa.

Mai faci ya girgiza wayar ya ga ko layi ne ya yanke.

"Kawu," ta ce, "miƙa wa Baba wayar. Ka ja Likita ku sha shayi."

Da suka tafi, ta cire gilashin daga goshinta ta ajiye.

"Da a ce wani ne, da na ce kuskure ne. Kai ka koya min babu abin da ke shiga babur in ba daga jikinsa ya fito ba. Ranar da muka sa shi washa ɗaya ce a kan ƙyallen nan, da idona na gani. Daga ina ta biyun?"

"Daga gwangwani."

"Me ya sa?"

Ya buɗe baki. Amsoshi sun zo masa da yawa, duk masu kyan gani: ya ga kamar sensa na gogar zobe, ya ji wata ƙara. Ya bar su suka wuce.

"Kin ce an gama," ya ce. "Kin ce sai ranar hutu."

Ta rufe baki da hannu. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ya ɗauka za ta sauko. Ba ta sauko ba.

"Baba, mutum ne a kan babur ɗin. Yana da masu jiransa a gida. Da motar nan ba ta kauce ba fa? Sai ka kira ni in taya ka duba me?"

Ya kalli washa ta biyun a kan ƙyallen.

"Kwana huɗu ina tunanin ni ce na gaya maka ba daidai ba. Har littafin babur ɗin na nemo na karanta. Ina ta murna wai yau Baba ya tambaye ni abu, kada in ba shi kunya." Ta share ido da bayan hannu, da ƙarfi, kamar mai jin haushin hawayen. "Mayar da ɗaya. Ina kallo. In ka gama kai za ka gaya masa da bakinka, ba Kawu ba."

Ya jingina wayar a jikin gwangwanin. Ya mayar daga dama zuwa hagu, ya tsallake guda. Ya zura kati tsakanin sensa da zobe, ya shiga daidai. Ya ɗaure.

"Daga yau," ta ce, "kada ka ƙara kira na a kan babur. Ko inji ne ya faɗo maka a ka, ba zan amsa ba."

"To a kan me zan kira ki, Auta?"

Bai san muryarsa za ta fito haka ba, siririya kamar ta mai roƙo.

"Ban sani ba, Baba. Shekara tara lambata tana wayarka. Kai za ka nemo."

Ta kashe.

Ya gaya wa Likita a tsaye a bakin rumfa, bai rage komai ba sai dalilin, wanda ya ce nasa ne. Likita ya daɗe yana kallonsa irin kallon da yake yi wa majinyacin da ya ɓoye ciwo har ya ruɓe. Bai zage shi ba. Ya hau babur ɗinsa, ya ce, "Allah ya kyauta, Baba," ya tafi yana ɗingisa ƙafa a kan giya. Baba Kunne ya san ba zai sake ganin babur ɗin a rumfarsa ba. Mai faci, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya koma wurinsa, yinin ranar bai leƙo ba.

Ranar hutu ta zo, ta kira uwarta. Bai tsaya a bakin ƙofa ba, ba a kuma miƙo masa waya ba. Ya zauna a tsakar gida yana lissafin abin da ya sani game da 'yarsa, ya ga bai cika tafin hannu ba. Ya san tana da miji da ɗa. Ya san ta iya aiki. Bai san ƙarfe nawa take tashi ba, bai san wa take kai wa kukanta ba, bai san ko garin ya karɓe ta ko haƙuri take yi da shi ba.

Da uwar ta fito ya ce, "Wai gidan nan da suka koma bara, yaya yake?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni ce 'yar aikenka? Tana da baki, kana da waya."

Sai da ya kwana uku. Ranar ta huɗu da azahar, babu aiki a rumfa, ruwa na sauka a kan kwano a hankali, ya wanke hannu da kananzir, ya sake wankewa da sabulu kamar wanda zai gaisa da babban mutum. Ya danna kira, na murya kawai, don ba zai iya haɗa ido da ita ba. Wayar ta yi ta ƙara har ya fid da rai.

"Na'am, Baba."

"Ba babur ba ne," ya yi saurin cewa.

"To."

Ba ta taimake shi ba. Yana jin ƙarar injin iska a bayanta, wani yana kiran a miƙo masa wani abu.

"Gidan nan naku," ya ce. "Ɗakin da kike kwana. Akwai taga?"

"Taga?" Ya ji ta ja numfashi. "Akwai."

"In kin leƙa me kike gani?"

Sai ya ji takunta, ƙarar injin ta yi nisa, wata ƙofa ta rufe.

"Bangon maƙwabta ne kawai, Baba, ba wani abin kallo. Sai dai akwai wata tsohuwa a bene na biyu da ke shanya kaya kullum da sassafe, ko ana ruwa. Na rasa gane mata."

"Ko ana ruwa?"

"Wallahi ko ana ruwa."

Ya gyara zama a kan benci, ya matsa wayar a kunnensa sosai.

"Ikon Allah," ya ce. "To ita kaɗai take zaune?"